Irin Inna

Babban Mutum,
Fabrairu.

Zuwa ga Gwaggo Dakta Hadiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya haƙurin rashin Inna? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mu nan lafiya lau, sai Maijidda matar Baffa Badaru da ke fama da haƙori.

Gwaggo, ba ki san ni ba. Sunana Rauda, 'yar marigayi Hafizu, ɗan Inna Siddiƙa na fari. An ce mahaifinki da Inna 'ya'yan wa da ƙane ne, shi ya sa na kira ki Gwaggo. In ban yi daidai ba ki yafe min. A hannun Inna na tashi, yanzu kuma ina gidan Baffa. A garin nan ba a cika kiran sunana ba, irin Inna ake ce min, saboda bahaguwa ce ni kamar ita, kuma an ce har tafiyarmu ɗaya.

Ranar da kika bugo wa Baffa waya kika yi gaisuwa ina tsaye a bayan danga. Ya ce in zo in gaishe ki, na kasa. Magana tana yi min wuya, rubutu ya fi min sauƙi. Malam Kalilu mai motar hatsi ya ce yana bi ta Samaru, zai miƙa miki wannan.

Bara mun ji ki a rediyo kina bayani a kan gero. Inna ta ajiye muciya ta ce kowa ya yi shiru, 'yarta ce ke magana. Da aka gama ta ce ilimin nan duk a gonarta kika fara tsinto shi, sai dai kin manta hanyar gida. Wasa take yi, don dariya ta yi bayan ta faɗa.

Abin da ya sa na rubuto, Inna ta bar tukunya ɗaya a ƙarƙashin gadonta. Zangarniyar geronta ce a ciki, wanda take zaɓa don shuka, ta barbaɗe da toka ta liƙe bakin da laka. Gero ne mai gashi, tsuntsaye ba sa iya sauka a kansa, kuma wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye hatsi, ba ta cika kashe shi ba. Ba wanda ke shuka shi yanzu sai ita, don matan gari sun ce sussukarsa ƙaiƙayi gare ta. Da ta kwanta ciwo ta ce in kula da tukunyar. Ban san yadda ake kula da ita ba, ban da in riƙa share wurin.

Na gama firamare shekara ɗaya da rabi ke nan. Ni na zo ta biyu a ajinmu. Sakandare tana da nisa daga gidanmu, kuma Maijidda tana buƙatar mai riƙe mata yara.

Ki gaida mutanen gidanki.

'Yarki,
Rauda


Samaru, Zariya,
Maris.

'Yata Rauda,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Ya azumi? Ki gaida Badaru, ki yi wa Maijidda sannu, ki ce mata ta je a cire haƙorin, gishiri da kanumfari ba za su yi ba. Kin ce in gaida mutanen gidana. Ni kaɗai ce mutanen, na kuma amsa.

Gaskiyar Inna ce, a gonarta na fara. Ina yarinya a Daura, duk hutu sai a tura ni wurinta. Kafin girbi takan shiga gona ita kaɗai da tsumman jan zane, ta duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi mata ta ɗaura mata tsumma. Waɗannan ba a ci, na baɗi ne. Na tambaye ta me take dubawa, ta ce gero ma yana da iyaye, kuma ɗa ba ya wuce abin da ya gada. Na yi jami'a a kan ilimin tsirrai, na ƙetare teku na yi digiri biyu a kan yadda tsiro ke gadon halin iyayensa, kuma in an taƙaita duk abin da na karanta, maganar nan ce.

Da na ci jarrabawar shiga sakandare mahaifina ya ce ba inda za ni. Inna ta hau motar kasuwa ta zo Daura, ta shimfiɗa tabarma a zaurensa, ta ce ba za ta ci abincin gidan ba sai ya sa hannu. Almajiransa na karatu, ita tana zaune tana kaɗa zare. Rana ta biyu ya sa hannu don kunya. Wannan matar ce ta rasu ina wani taro a wata ƙasa. Ba ni da abin cewa a kan haka.

Kina iya tunanin aikina babba ne. Ga shi nan: in rufe zangarniya da jakar takarda kafin ta yi fure, in ɗebo garin furen wata in zuba mata, in jira damina ta ƙare in ga abin da suka haifa. In bai yi ba, in sake wata shekara. Sama da shekara ashirin ina wannan. Mijina ya ce shi mace ya aura ba gona ba, muka rabu. Na fitar da iri mai saurin nuna wanda ake shukawa har cikin Nijar. Na aika wa yayyena a Daura buhu guda don su gwada, suka yi kunun azumi da shi, suka aiko cewa ya yi daɗi. Har yau a gidanmu malamar gona ake ce min, kuma ba yabo ba ne.

Yanzu maganar tukunya. Na daɗe ina neman gero mai gashin nan, na ɗauka ya ƙare. In da gaske wuta-wuta ba ta kashe shi, akwai abu a jininsa da manoma da yawa ke buƙata. Kada ki fasa lakar sai da dalili, kada ki bari laima ta taɓa. Ki sani iri rai gare shi, barci kawai yake yi. A ɗaki irin naku, da zafin nan, shekarar farko yana nan garau, ta biyu ya fara rauni, in ya wuce damina ta uku ba a shuka shi ba, yawancinsa ba ya tsira. A ido ba za ki ga bambanci ba. Yadda ake ganewa, ki ɗebi ƙwaya kaɗan ki naɗe a tsumma mai laima, ki ajiye a inuwa, ki duba nawa za su fito.

Ki rubuto min tsawon zangarniyar, da launin ƙwayar, da lokacin da yake nuna. Rubutunki yana da kyau.

Gwaggonki,
Hadiyya


Babban Mutum,
Afrilu.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an yi lafiya. Maijidda ta ce ta gode, amma haƙorin ya daina da kansa. Zafi ne dai ya yi yawa, ƙaramin yaronta Suhaibu duk ƙuraje sun feso masa.

Na karanta wasiƙarki har na kusa haddace ta. Wurin da Inna ta zauna a zaure na fi maimaitawa. Ba ta taɓa ba ni labarin ba. Ta dai taɓa cewa in ta warke za ta shimfiɗa wa Baffa tabarma, ban gane nufinta ba sai yanzu.

Zangarniyar ta kai daga gwiwar hannuna zuwa ƙarshen yatsa, har da ɗan ƙari. Ƙwayar toka-toka ce, ba fara ba. Yana nuna kafin na mutane, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ya sa Inna ke cewa shi ne ɗan da ke fara kawo cefane. Na yi gwajin tsumman da ɗan ragowar da ke cikin ƙwaryarta. Kusan duka sun fito. Na rasa wanda zan nuna wa, sai na nuna wa akuyata, ta cinye.

Gwaggo, akwai damuwa. Baffa ya ce gyaɗa zai sa a gonar Inna bana. Na ce ko zai bar min kunya biyu a gefe, ya ce gona ba wurin wasan 'yan mata ba ce. Maijidda kuma ta ce tukunyar tana cin wuri, ga hatsi ya yi ƙasa, gara a surfa a yi fura a yi wa Inna sadaka. Ba mugunta ba ce, ita a ganinta lada ne. Na ce Dakta ta ce a bari. Ta ce to, Dakta ƙarama, an ji. Tun ranar haka take kirana.

Ban san iya lokacin da za su jira ba. Ni ma zaman ya fara yi min yawa. Da safe in na ga 'yan ajinmu biyu da ake kaiwa makaranta a babur, sai in shige ɗaki har su wuce.

'Yarki,
Rauda


Babban Mutum,
Mayu.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta sa shiru. Malam Kalilu ya dawo sau biyu ba saƙo. Ya ce ya ba mai gadin ƙofarku wasiƙar, mai gadin ya ce kin yi tafiya. Mu lafiya lau. An fara sharar gona, hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa.

Na mayar da tukunyar bayan tabarmata. In na yi miki laifi a wancan rubutun ki yafe min, ban saba rubuta wa manya ba.

Rauda


Samaru,
Mayu.

Rauda,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ba ki yi laifin komai ba. Na je gonakin gwaji ne, na dawo na tarar da wasiƙunki biyu. A tsaye nake rubuta wannan, Kalilu yana jira a bakin titi.

Raina ya ɓaci da abin da na karanta. Ki kwantar da hankalinki. Bayan Babbar Sallah zan zo da kaina in tafi da irin Inna. Gidan da ba a san darajar abu ba, ba wurin zaman irin Inna ba ne. Na riga na tanadi wuri a nan, an ma rubuta suna. Abin da Inna ta yi min ba zan iya biya ba, amma wannan kam zan yi. Ki shirya komai, ki kuma nuna wa Badaru takardar nan don kada ya ce ban sanar da shi ba.

Gwaggonki


Babban Mutum,
Yuni.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kowa lafiya. An yi ruwan shuka ranar Talata.

Ban san yadda ake godiyar irin wannan ba. Na kai wa Baffa takardar yana gyaran garma. Ya karanta, ya sake karantawa, ya dube ni ya ce, “To, irin Inna, an zo ɗaukarki.” Na ɗauka zai hana. Sai ya ce abin da Inna ta yi miki ne za ki rama, shi kuma ba zai tsaya tsakanin mamaci da ladansa ba. Ya ce in je, amma in na fara Turanci da awaki zai sa a dawo da ni.

Maijidda ta yi kuka, abin ya ba ni mamaki. Ta ce yanzu wa zai goya Suhaibu, sannan ta fito da atamfarta da ba ta taɓa ɗinkawa ba ta ba tela. Ta yi min kitso, ta ce kada 'yan Zariya su ce daga daji aka tono ni. Ta zaga da ni gida-gida na yi ban kwana. An ba ni kuka da daddawa da sabulu, wata tsohuwa ta ba ni cokali. Akuyata na bar wa Murjanatu ƙawata. Malaminmu na aji shida ya ce in riƙe takardar shaidata da kyau, na sa ta a leda na ɗinke.

Gwaggo, ba zan dame ki ba. Na iya tuwo da wanki, ba na ci da yawa, ba na surutu. In makarantar da kika rubuta sunana tana son a yi jarrabawa, zan yi. Lissafi ne kawai na ɗan manta, amma zai dawo. In an tashi makaranta zan riƙa riƙe miki jakunkunan takardar nan a gona. Ina so in ga yadda ake ɗebo garin fure.

Tukunyar geron tana nan lafiya. Ban shuka ko ƙwaya ba tunda ba mai kula da shi in na tafi. In akwai wuri a motar, zan so mu taho da ita.

'Yarki har kullum,
Rauda


Samaru,
Yuli.

'Yata Rauda,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Badaru da iyalinsa. Ni jikina lafiya.

Jiya Kalilu ya kawo min wasiƙarki ta watan Yuni. Motarsa ce ta lalace a hanya, takardar ta kwana a aljihun rigarsa har na je garinku na dawo. Na karanta a ofis, na tashi na rufe ƙofa. Sannan na ɗauko wasiƙarki ta farko, na ga inda kika faɗa min sunan da ake kiran ki. Yana nan a rubuce, da hannunki. Na karanta shi a lokacin, idona ya wuce zuwa wurin tukunya.

Gero nake nufi, Rauda. Wurin da na tanada ɗakin sanyi ne da muke ajiye iri, inda zai yi shekaru masu yawa bai mutu ba. Sunan da aka rubuta na Inna ne, a jikin ambulan. Na sa an ƙara naki a ƙasa, a matsayin wadda ta adana shi.

Na ga jaka a bakin ƙofa ranar da na zo. Na ga kitsonki da sabon ɗinki, na ɗauka na Sallah ne. Aikina ke nan duba abin da ke gabana da kyau, a kansa ake kirana Dakta.

Da zan iya cewa ki taho gobe, da na faɗa. A ƙarshen watan nan zan tafi wata ƙasa aikin shekara biyu, a kan wuta-wutar nan, kuma geron Inna yana cikin abin da zan yi aiki a kansa. Na nemi wannan damar tun kafin a haife ki. Gidan da nake ciki na ma'aikata ne, zan mayar da makulli. Yayyena na Daura ba sa ɗaukar wayata sai in rasuwa aka yi. Na kira Badaru na roƙe shi ya sa ki a makaranta ko ta kwana ce, ni zan tsaya a kan komai. Ya ce an riga an ba su kunya sau ɗaya a gaban gari, ba za a ba su ta biyu ba, ya kashe wayar. Zan sake kira in ya huce.

Ga littattafai biyu a kan tsirrai, masu hotuna ne. Ki riƙa dubawa. In na dawo, in Allah ya yarda, za mu zauna mu yi maganarki da kyau. Ki yi haƙuri, ki yafe min.

Gwaggonki,
Hadiyya


Babban Mutum,
Agusta.

Zuwa ga Dakta Hadiyya,

Wa alaikumus salam. Da fatan kin sauka lafiya. Malam Kalilu ya ce in ya ba mai gadi, akwai wanda zai tura miki. Mu nan lafiya. Ruwa yana sauka sosai, gyaɗar Baffa ta rufe gonar Inna. Haƙorin Maijidda ya dawo.

Na ga littattafan, na gode. Hotunan suna da kyau. Turancin ya fi ƙarfina.

Ba sai kin nemi yafiya ba, ba ki faɗi ƙarya ba. Mu ne duk garin muka karanta ba daidai ba, har da malaminmu.

Kin ce kin ga jakar. Ni ma ina so in faɗa miki abin da na gani, tunda ranar ban iya magana ba. Tun hantsi nake zaune a kan jakar. Da farar motarku ta tsaya, matan maƙwabta suka cika tsakar gida don su ga tafiyata. Kin shigo kin gaisa, kin shiga ɗakin Inna kin yi addu'a, kin fito idonki ja. Kika ce, “Ke ce Rauda? Allah ya yi miki albarka. Ina tukunyar?” Na kawo. Kika fasa lakar a hankali, kika ɗaga zangarniya ɗaya kina shafa gashinta, kina murmushi. Ban taɓa ganin an kalli wani abu haka ba. Na tsaya a gefenki ina jira ki gama da ita ki juyo.

Kika sa aka ɗauke ni hoto riƙe da zangarniya. Kika juye sauran a ambulan-ambulan. Da za ki fita kika yi tuntuɓe da jakata, kika tambaya ko wani ne zai yi tafiya. Maijidda ta buɗe baki, Baffa ya riga ta, ya ce kayan wanki ne. Kika ce to, Allah ya ba da lada. Kafin la'asar kun tafi.

Muka tsaya har ƙarar motar ta ɓace. Sannan Baffa ya ce, ashe tukunya ce ta ci jarrabawa. Mutane suka yi dariya don a samu abin yi. Shi bai yi ba.

Washegari na ɗauki kuka da daddawa da sabulun na bi gida-gida in mayar. Kowa ya ce in riƙe. Da sun karɓa da ya fi min sauƙi. Murjanatu ta dawo da akuyar da kanta, ta ɗaure ta ta tafi. Yara in na fita ɗiban ruwa sukan tambaye ni ya Zariya. Maijidda ta daina ce min Dakta ƙarama. Na roƙe ta ta faɗa wa mutane su daina ɗayan sunan ma.

Tukunyar tana nan, kin bar ta. Maijidda tana zuba gishiri a ciki. Na duba cikin tokar ko ƙwaya ta rage, ba ko ɗaya, kin iya aikinki. Na ji daɗi da geron Inna ya samu wuri mai sanyi, kuma na gode da aka rubuta sunana. Ko ba komai shi ya je.

Shekaranjiya na yi gwajin tsumma. Ba da gero ba, tunda babu. Na ɗauko littafin lissafina na aji shida, na zaɓi tambayoyin da a da nake yi ina hira, na zauna a inuwa na gwada. Kaɗan ne suka fito. A ido ba abin da ya canza, har yanzu in aka kawo takarda ni ake kira in karanta.

Kin ce in kin dawo bayan shekara biyu za a yi maganata. Wannan da muke ciki ita ce damina ta uku tun da na ajiye littafi. Ba roƙo nake yi ba, Dakta, tambaya ce kawai, tunda ke kika karanci abin. Irin da ya wuce ta uku a ɗaki irin namu, akwai abin da ake yi masa a wajenku ya tsira, ko gara a bar Maijidda ta surfa?

Rauda Hafizu